Kiyashi a Faifan Birki

Yatsu uku ne a hannuna na dama. Biyun mashin ya cinye su a hanyar Zango, shi ne kuma ya bar mini gwiwar da ba ta son doguwar tafiya. Tun da na tashi daga wannan jinya ban sake hawa mashin ba, ko ni ke tuƙi ko goya ni za a yi. Ba rantsuwa na yi ba. Jikina ne ya ƙi.

Saboda haka keke ne ƙafata. Lambuna yana cikin kwari a bayan gari, kuma kafin a isa akwai gangare mai tsakuwa wanda ruwan damina ya zaizaye gefensa. In babu keke, babu lambu. In babu lambu, sai tabarma a ƙofar gida tare da tsofaffin da ke kallon masu wucewa. Na ga yadda tabarmar nan take cin mutum. Ba na so.

Tsohon kekena baƙi ne, mai birkin sanda. Ya yi mini shekaru. Abin da nake alfahari da shi, bai taɓa kuka ba. Sarƙarsa kullum tana sheƙi, feda ba ta ƙara, kuma ni ban san ranar da na ɗiga masa mai ba. Ina gaya wa mutane ƙarfen da ne, ba irin na yanzu ba. Sai dai birkinsa yana son cikakken hannu. Da girma ya zo, yatsu ukun suka fara kasawa.

Babban ɗana tela ne a Daura. Wata rana ya ɗauro wani keke na gwanjo a bayan mashin ɗinsa, ya sauke a tsakar gida.

Ya ce, "Baba, wannan da yatsa ɗaya ma kana tsayar da shi."

Na zagaya shi. Babu robar birki a bakin wili, inda na saba ganinta. A tsakiyar kowace taya akwai faifan ƙarfe, faɗinsa kamar murfin kwano, an huda shi ta ko'ina. Wani dunƙulen ƙarfe ya cije gefen faifan kamar muƙamuƙi. Waya ta taho daga hannun birki ta shiga jikinsa. Na matsa da yatsa ɗaya, taya ta ƙame. Na saki, na sake matsawa. Na daɗe a tsugune.

Taubashina, ɗan kawuna, katanga ce tsakanin gidana da nasa, kuma ba ya barin abu ya wuce. Ya leƙo ya ce, "Bawana, wannan keke ne ko injin yanka kuɓewa?"

Na ce, "Kawo yatsarka mu gwada."

"Kai da ka saba bayarwa, ba da naka."

Da farko keken ya yi abin da yaron ya faɗa. Ina sauka gangaren nan da buhun taki a kariya, in taɓa birki, ya tsaya. Abu ɗaya ne: da safe in raɓa ta sauka yana ɗan kuka, siririn kuka kamar na tsuntsu. Ban damu ba. Bayan ɗan lokaci kukan ya ɗauke. Na ji daɗi. Sai birkin ya fara nisa. In matsa, keke ya yi kamar yana shawara. In ƙara matsawa, ya rage gudu kaɗan.

Wata safiya a kan gangaren na matse hannayen biyu har suka taɓa ƙahon keke. Bai tsaya ba. A ƙasa akwai rami, a hagu akwai shingen aguwa. Na zaɓi aguwa. Na fito da ƙujewa a goshi, farin ruwanta duk a rigata. Tumatirin da zan dasa ya watse.

Uwargidana ba mai yawan magana ba ce. Ƙuli take yi, tana matse man gyaɗa, tun muna da ƙuruciya. Ta wanke mini goshin da ruwan ɗumi da gishiri. Da yamma sai na ji tana waya da yaron. Washegari ya zo.

Ya zauna a ƙasa, ya sunkuyar da kai. "Baba, ni na kawo shi, ni zan mayar. Ranar Juma'a zan zo in ɗauka. Lambun kuma a ba wani ya noma, ko in riƙa zuwa ina kai ka a mashin."

Na ce, "Ba na hawa mashin."

Uwarsa ta ce daga bakin madafa, "To sai ka zauna, Malam. Na yi jinya ɗaya. Ba ni da ƙarfin ta biyu."

Na ce, "In na gyara keken ya tsaya fa?"

Yaron ya dubi uwarsa. Ta ce, "In ya tsaya a gangaren nan da kaya, a gaban idonsa, shi ke nan."

Mai facin garinmu na kai wa tukuna. Ya duba, ya ce shi gaskiya bai taɓa buɗe irinsa ba, kuma ba ya so ya koya a kan wuyana. Na gode masa. Na turo kekena gida.

Na rataye shi da igiya a reshen darbejiyar tsakar gida, tayoyin suna lilo. A 'yar jakar da ke ƙarƙashin sirdi na sami wasu ƙarafa masu lanƙwasa, masu gyara suna ce musu alanki. Su ne ke shiga kan notikan keken. Na ɗauko filaya da tsumma. Kafin in taɓa komai na zauna ina kallo. Abin da ban gane ba, ba na kwance shi.

Na juya taya, na matsa birki, na leƙa cikin muƙamuƙin. Duhu. Na ɗauko farin faranti na ajiye a ƙasa, daidai inda rana ke bugawa, na sake leƙawa ta sama. Sai ga haske ta tsagar. Faifan yana tsakiya, takalman birki biyu suna gefe da gefe, kowanne bai fi ɗan yatsa faɗi ba.

A nan na ga abin da ya ba ni mamaki. In na matsa, takalmi ɗaya ne kawai ke motsi, na waje. Na ciki yana zaune. Na wajen ne ke turo faifan, faifan ya ɗan lanƙwasa, ya je ya sami na cikin. Ashe ɗaya ke aiki, ɗaya jira yake. Na yi ta matsawa ina saki don kawai in ga ƙarfen yana rusunawa yana miƙewa. Wanda ya ƙera abin nan ya yi tunani.

Na cikin ya yi nisa da faifan. Na nemi abin da ke matso da shi, na same shi ta bayan muƙamuƙin, sai an zura alanki ta tsakanin wayoyin taya. In ka murɗa yana cewa ƙas, ƙas. Kowane ƙas, hasken da ke tsagar ya ragu. Na wuce gona, taya ta fara shii, shii. Na koma baya kaɗan, ta yi shiru. Hasken ya rage kamar zare.

Sai na lura muƙamuƙin kansa a karkace yake. Notika biyu ke riƙe da shi. Na sassauta su har yana girgiza. Dabarar da ta zo mini ita ce, in aka matse birki, shi da kansa zai nemi tsakiya. Amma hannu ɗaya ba ya matse birki a gaba ya ɗaure noti a baya. Na yanko tsohuwar robar taya, na ɗaure hannun birkin tam a jikin ƙaho. Na ɗaure notikan kaɗan-kaɗan, wannan sannan wancan, don kada ɗaya ya ja shi gefe. Na kwance robar. Taya ta juya, ba ƙara.

Saura waya. Ta saki. Na sassauta notin da ke cije da ita, na ja da filaya, na ɗaure. Na yi wa ɗaya tayar duk abin da na yi wa wannan. Hannuna ya ɓata fayafayan, na goge su da tsumma sosai.

Bayan la'asar na gwada a lungu. Ya kama. Ba kamar farko ba, amma ya kama. Sai dai kukan da ya yi, jaki ma ya san da shi. Awaki suka watse. Taubashina ya fito da buta a hannu.

"Wa ya mutu?"

"Birki ne."

"Allah ya ji ƙansa."

Na jingine keken a jikin rumbu, inda nake ajiye keke tun asali, kusa da madafa. Na ci tuwo da daɗin rai.

Da safe na hau. Shiru, ba kuka. Na matsa. Keke ya wuce kamar ban taɓa shi ba. Da ƙafa na tsaya.

Na sake rataye shi. Na leƙa da farantin: zaren hasken yana nan yadda na bar shi. Notika ba su motsa ba. To me ya canza? Na ƙara matso takalmin, na ƙara jan waya, na goge, na gwada. Da yamma ya kama da kuka. Da safe ya saki, shiru.

Abin ya daina ba ni haushi, ya koma ba ni sha'awa. Ƙarfe ba ya canza ra'ayi cikin dare. Wani abu ne ke faruwa.

Na zargi waya, ko miƙewa take. Na ɗaura mata baƙin zare daidai bakin noti. Da safe zaren yana wurinsa. Na zargi raɓa. Na lulluɓe keken da buhu. Da safe buhun yana nan, har an gyara masa zama fiye da yadda na bar shi, amma ban kawo komai a raina ba. Birki ya saki.

Na zargi taubashina. Na same shi a ƙofar gida yana gyaran igiyar shanu.

"Kai ne kake taɓa mini keke?"

"Ni? In zan cuce ka ai iskar taya zan sace, in ga kana turawa. Bawana, keken nan na ƙasar sanyi ne. Da rana zafi ya kumbura shi ya kama, da dare ya tuna gida ya saki."

"Ƙarya kake."

"To aljanu ne. Zaɓi ɗaya."

Maganar zafin ta ɗan tsaya mini. Na bar keken a rana har ƙarfen ya ƙi taɓuwa, na gwada ba tare da na goge ko na murɗa komai ba. Bai kama ba. Ba zafi ba ne.

Juma'a tana matsowa. Lambu yana can, taubashina ne ke yi mini ban ruwa, yana dawowa yana ce mini tumatirin sun fara kiransa baba.

Ranar Laraba da hantsi na tsuguna gaban keken, ban taɓa shi ba. Kallo kawai. Sai na ga kiyashi. Layi guda, daga gindin rumbu, ya hau taya, ya bi wayar wili ɗaya, ya sauka a kan faifan. Sun taru a bakin hudojin. Na duba tayar gaba, haka. Na duba sarƙa, nan ma akwai su.

Kiyashi ba ya cin ƙarfe. Na shafa yatsa a faifan, na duba. Yana ɗan sheƙi. Na sansana.

Ƙuli.

Na daɗe da yatsar a hancina. A gidan nan komai yana ƙanshin ƙuli, tufafinmu, tabarmi, har butar alwala, shi ya sa tsumman da nake gogewa da shi bai taɓa gaya mini komai ba. Na juya na dubi madafa. Tana ciki tana tuƙa gyaɗa, bayanta gare ni. Ina so in gani da idona.

Kullum in an idar da sallar asuba nakan zauna a masallaci har gari ya waye. Washegari ana sallamewa na taso. Na tsaya a zaure.

Tana tsugune gaban keken. Ta ɗage buhun. A hannunta akwai gwangwanin madara da gashin kaza guda. Ta tsoma, ta bi sarƙa da shi a hankali tana juya feda baya. Ta ɗiga a gindin feda. Sannan ta tsoma, ta shafa wa faifan baya, ciki da waje, ta zura bakin gashin cikin muƙamuƙin. Hannunta ya san aikin. Ba yau ta fara ba.

Na ce, "Ke."

Ba ta firgita ba. "Ka dawo da wuri."

"Me kike yi?"

"Abin da na saba."

"Tun yaushe?"

"Wannan? Tun da na ji yana kuka. Kuma kwanan nan kukan ƙaruwa yake, ko nawa na sa masa."

"Wancan fa? Baƙin?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta ko ana sa gishiri a miya. "Wa kake tsammani, Malam? Tun kana kai gyaɗa Baure a kansa."

"Na ce ƙarfen da ne."

"Na ji kana faɗa."

Na shigo na tsuguna kusa da ita. Ban san ta inda zan fara ba, ni ba mai bayani ba ne. Na ɗauko murfin kwano na ba ta. Na ce ta riƙe gefensa da yatsu biyu, in ja. Na ja, bai fita ba. Na karɓi gashin, na shafa wa gefen murfin mai. Na ce ta sake riƙewa. Na ja da yatsa ɗaya, ya zame.

Ta dubi murfin. Ta dubi faifan. Ta dubi goshina, inda ɓawon ciwon bai gama faɗuwa ba. Ta ajiye gwangwanin a ƙasa a hankali.

"Ni na jefa ka cikin aguwa ke nan."

"Gangare ne ya jefa ni."

"Kada ka yi mini wannan."

Zakara ya yi ta cara a kan katanga. A wancan keken birkin yana can bakin wili, roba ce, ba ta kuka, ba ta taɓa kai gashinta wurin ba. Wannan kuwa ƙarfe ne yake gugar ƙarfe yana kuka a tsakar gidanta. Duk wanda ya tashi a garinmu ya san maganin wannan. Ƙofa in ta yi kuka, mai. Amalanke, mai. Injin markaɗe, mai. Da ni na riga ta damuwa da kukan, abin da zan yi ke nan.

Ta miƙe ta kakkaɓe zaninta. "In dai mai ne, ba ya gagarata. Ciro mini duk abin da ya sha."

Na cire tayoyin. Takalman birkin wani siririn ƙarfe ne ya tsare su, na miƙar da bakinsa da filaya na zare, suka faɗo a tafin hannuna. Sun yi baƙi, suna naso. Ta tafasa ruwa, ta ɗebo toka daga murhu, ta sa garin sabulu. Ta wanke faifan nan kamar yadda take wanke kaskon suya, har cikin kowace huda da tsinke. Ta ɗauraye da ruwan zafi. Ta sa yatsa ta ja, ya ce ƙiii.

Ta ce, "Ka ji. In ya yi wannan ƙarar, ya fita."

Takalman ta jujjuya su. "Waɗannan sun sha har ciki. Wanki ba zai yi ba. Sai wuta."

Na ce, "Za su lalace."

"Yanzu gyararru ne?"

Ta ɗora su a kan marfin gwangwani, ta sa a kan garwashi. Suka fara hayaƙi. Mai ya tsattsafo yana tafasa a fuskarsu. Duk gidan ya ɗauki ƙanshin suya.

Taubashina ya leƙo ta katanga. "Uwargida, me ake toyawa ba a aiko ba?"

Ta ce, "Birki ne. In zuba maka?"

Ya dube ni, ya dube ta, ya sauke kansa.

Da hayaƙin ya ɗauke ta sauke su, suka huce. Na goga fuskarsu a kan dutsen da nake wasa wuƙa, a kwance, har baƙin ya tafi. Na wanke hannuna da toka kafin in mayar. Na sake bin aikin daga farko: farin faranti, ƙas ƙas, notika biyu, waya. Wannan karon ban nemi roba ba. Ita ta matse mini hannun birkin ina ɗaurewa.

"In saki?"

"Tukuna."

"Hannuna ya gaji."

"Saki."

Gwajin farko bai burge ni ba. Na yi ta hawa da sauka a lungu, ina gudu ina matsawa. A hankali ya fara cizo. Kafin azahar, in na taɓa da yatsa ɗaya sai tayar baya ta ja ƙasa.

Ranar Juma'a da safe yaron ya zo da igiyar ɗaure keke a bayan mashin. Na ce ya ajiye ta. Na ɗora buhun taki a kariya. Ya bi ni a ƙasa, taubashina yana biye, wai ya zo ɗaukar gawa. Suka sauka suka tsaya a gindin tsamiyar da ke tsakiyar gangaren, inda ya fi tsanani.

Na ce, "A nan zan tsaya."

Na koma sama. Na yi bisimilla, na saki. Tsakuwa tana tsalle, buhu yana turo ni. Na ga aguwar, gurbin da na yi mata yana nan. Da na zo daidai tsamiya na matsa, baya tukuna, sannan gaba. Ya yi siririn kukan nan na tsuntsu. Ya tsaya. Na sauke ƙafa a kan saiwar.

Yaron ya ce, "Sake, Baba."

Na sake. Ya tsaya.

Ya tsuguna yana leƙen muƙamuƙin. "Me ya same shi da ma?"

Na ce, "Kiyashi."

Ya ɗago ya dube ni. Ban ƙara ba. Ya san ni, bai sake tambaya ba.

Da muka dawo tana bakin zaure da tsintsiya a hannu, ba ta share komai ba. Yaron ya ce, "Inna, ya tsaya." Ta ce ta ji kukansa tun daga nan. Ta juya ciki.

Da yamma na jingine keken a jikin rumbu. Ta zo ta tsaya a kaina.

"Kukan nan zai riƙa damuna."

"Bar shi ya yi."

"Sarƙar fa?"

"Sarƙar taki ce."

Har yau da keken nake zuwa lambu. In birki ya yi nisa, in rataye shi a darbejiya in ba shi ƙas ɗaya. Gwangwanin da gashin kazar suna kan katangar madafa, inda suke tun da can, ni ne ban taɓa ɗaga kai ba. Da safe kafin in hau nakan duba. Faifan a bushe. Sarƙa tana sheƙi.